Baba Seini da Zanen da Ya Tsuke

Shekara arba'in ke nan, da an sallame Asuba sai Baba Seini magini ya sha kokonsa, ya rataya jakar tef da igiya, ya hau trotro, motar haya, zuwa wurin aiki. Gidaje nawa a Zango suka fito daga hannunsa? Ko ɗaya babu mai ɗauke da sunansa.

Hajiya Salamatu, shugabar makarantar Islamiyyar unguwarmu, a gabanta aka yi abin da zan ba ku labari, lokacin gina benen makarantar. Ɗan kwangila ya zo da fotokwafin zanen injiniya yana aunawa da rula, santimita ɗaya a matsayin mita ɗaya. Baba Seini ya ƙura wa takardar ido. An rubuta tsawon aji mita takwas, amma rula ta nuna shida.

Ya ce, "Alhaji, injin fotokwafi ya tsuke zanen nan. Duk ukun da ka auna, huɗu ne. Ginshiƙin da ka lissafa santimita talatin, arba'in ne."

"Baba, aji nawa ka yi a boko? Kai dai ɗora bulo."

"Ko ɗaya ban yi ba. Amma yara ne za su zauna a ƙarƙashinsa. Ba zan zuba kankare ba."

A ranar aka kore shi. Mako uku yana zaune a gida, ana cewa tsufa ya taɓa shi. Hajiya ta kasa haƙuri, ta kai takardar unguwar Kwadaso wajen injiniyan. Ya auna, ya dafe kai, ya ce a nemo tsohon nan. Baba Seini ya dawo ya ci gaba da ginin bisa awon da ya faɗa.

Ranar buɗe benen aka jera kujeru, aka yabi ɗan kwangila, har mai lasifika aka gode masa. Baba Seini kuwa yana tsaye a bayan katanga. Wallahi mun ji kunya, Zango! Mai babbar riga muke gani, mai siminti a ƙafa kamar ba mutum ba.

Baba, bana ciwon gwiwa ya sa ka ajiye aiki. Kai ne ka yarda a kore ka don kada bene ya faɗo wa 'ya'yanmu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku maginan yau, in awo bai yi daidai ba, ku ƙi zubawa. Mu kuma mu tashi mu je gaishe shi tun yana jin sallama.