Iliyasu da Ɓarawon Jan Mai

Katanga guda ta raba gidana da na Iliyasu mai wake a nan Tasawa, shekara ashirin da ƴan kai, kuma har yau in na yi mashi sallama sai ya dubi hannuna kafin ya amsa. Haka Allah ya yi shi. Tun shina saurayi yake sayen wake a kasuwannin ƙauye, su Urafan, Kanan-Bakashe, Sarkin Hausa, kuma ya ce bai taɓa ganin buhun da ƙasanshi ya yi daidai da samanshi ba. Shi ya sa ko tuwo Asiya matarshi ta aje mashi, sai ya ɗaga malmalar ya leƙa ƙarƙashi.

Shekara shida da suka wuce amalanken shanu ya kife da shi a hanyar Urafan, buhu huɗu suka danne mashi ƙafar hagu. Ƙashin ya ɗoru, amma ƙafar ta koma kamar ta aro, jan ta yake. Babur ya gagare shi, tsohuwar motarshi mai kuloci ma ta gagare shi. Shekara guda cur shina zaune a zaure shina kallon masu wucewa. Ya rame, har zargin mutane ya daina, abin da ya tsorata mu ke nan. Daga baya ya sai da gonarshi ta gado ya sayo otomatik daga Maraɗi, irin motar da ƙafar dama kaɗai ta ishe ta. Ranar da ya koma kasuwa da kanshi Asiya ta yi sadakar masa. Kowa a layinmu ya san motar nan ita ce ƙafar Iliyasu, in ta mutu kuma ba shi da wata gonar da zai sayar.

To irin wagga mota tana da akwatin giya da makanikai ke ce ma bwat, shi ke canza giya da kanshi, kuma manshi daban ne, ja garau kamar zoɓo. Laminu makaniki, wanda suka tashi unguwa guda da Iliyasu, ya ce man nan shina iya shekara biyu ba a yi juye ba. Na Iliyasu wata uku ya yi ya koma baƙi ƙirin shina warin ƙanzo. Aka juye, aka zuba sabo. Wata uku, baƙi.

Nan fa Iliyasu ya samu aikin yi. Ya je Maraɗi da kanshi ya sayo man da murfinshi a liƙe, ya shimfiɗa tabarma a bakin ramin garejin Laminu, ya tsare kowane ɗigo da ido. Galan ɗin ma bai bari a can ba, ya kawo gida. Ya sa aka ɗaure kusar da ake kwance man da zare, ya ɗiga ma ƙullin jan farcen Asiya. Bayan wata uku zare na nan, jan farce na nan, mai ya yi baƙi.

Na ce mashi, "Maƙwabci, ko dai aljanun motar ne ke suya da shi?"

Ya ce, "Zare ai ba ni kaɗai ke da shi ba a garin nan. Matar Laminu ma tana sa jan farce."

Ga shi birkin motar ma ba ya jimawa, kullum sai an canza. Iliyasu ya haɗa wannan da wancan, ya zo majalisar shayinmu ya faɗa a gaban kowa cewa Laminu ke tsiyaye mashi jan mai ya zuba tsoho. Maganar ta isa gareji kafin shayi na biyu ya nuna. Laminu bai zo ya yi faɗa ba, daina zuwa majalisa kawai ya yi.

Ana cikin haka motar ta fara fizga in za ta shiga giya, wani lokaci injin ya yi ta kuka ita kuwa tana tafiyar hawainiya. Akwai wani Misbahu da ke zuwa daga Maraɗi ranar kasuwa da odinater, wato kwamfuta, shina duba ƙwaƙwalwar motoci, a garejin Laminu yake sauka. Ba yadda Iliyasu ya iya, can ɗin ya koma, ya ja ni in zama shaida.

Misbahu ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya ce zai yi ma bwat ɗin mizajur, wato ya sabunta mata karatun da ke kanta don ta riƙa canza giya daidai.

Iliyasu ya ce, "Tsohon karatun fa, ina zai je?"

"Gogewa zai yi, Alhaji."

"Gogewa zai yi ko shiga akwatinka zai yi? Motata ta san hanyar Mayahi kamar jakin gida. Ka kwashe ka kai ma wani mai motar Maraɗi."

Na ce, "Shi ke nan, a ga wani Alhajin birni ya nufi ofis, mota ta kai shi Kanan-Bakashe sayen wake."

Misbahu ya yi dariya, ya gama aikinshi, sannan ya ƙura ma odinater ido. Ya ce bwat ɗin ta rubuta ta yi zafi fiye da kima sau da yawa, zafin ne ke ƙona man. Ya ce kuma ga dukkan alamu ana taka totur da birki lokaci guda, tafiya mai nisa. In aka ci gaba haka, ko wane irin mai aka zuba, ba za ta ga damina ba.

Iliyasu ya ce, "Ƙafa guda gare ni mai aiki. Da mi zan taka biyu? Ke nan wani na tuƙa min mota." Ya juyo a hankali ya dube ni. Ni da ko keke sai da jingina nake hawa.

Laminu ya goge hannu da tsumma ya ce, "Iliya, ka kira ni ɓarawo a gaban mutane, ban tanka ba. Abu guda nake so. Ka ja motar nan mu kama hanyar Urafan, ni a gaba kusa da kai."

Iliyasu bai taɓa barin kowa ya zauna gaba ba, wai kada a haddace yadda yake yi. Ya yi ta jujjuya makulli a hannu. Da ya ga mutanen gareji sun zuba mashi ido, ya buɗe ma Laminu ƙofa. Ni na shiga baya.

In zai shiga mota, da hannu biyu yake ɗaukar ƙafar hagun ya aje ta can gefe. Haka ya yi, muka tashi. A kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar ƙasa mai gargada, mota ta fara rawa, sai na ga Laminu ba hanya yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Na miƙa wuya ta tsakanin kujeru. Duk girgizar da motar ta yi sai ƙafar nan ta matso kaɗan, ta matso kaɗan, har takalmin ya hau gefen birki ya yi zamanshi. Birkin otomatik kuwa faɗi gare shi. Mota ta yi nauyi, Iliyasu ya ƙara danna totur shina cewa, "Kun ji ko? Kun ji yadda ya maida min ita?"

Laminu ya ce, "Tsaya, Iliya. Kada ka motsa komai. Dubi ƙasa."

Ya tsaya, ya duba. Ya daɗe shina kallon ƙafar kamar ta wani ce aka jefo mashi cikin mota. Ya sa hannu ya mintsini cinyar, ya ƙara mintsina ƙasa da gwiwa, fuskarshi ba ta nuna ya ji komai ba.

Can ya ce, "In Asiya ta ji, ɓoye makullin za ta yi."

Laminu ya ce, "Maida mu gareji. Ka riƙe gwiwar da hannu guda."

A ranar Laminu ya yanko katako mai kauri, ya kafe shi da kusoshi a gefen hagu na birki, ya zama ƴar katanga, ya naɗe shi da robar tsohuwar taya don kada ya goge ƙafar tunda mai ita ba zai ji ba. Ya juye baƙin man, ya wanke matatar man, ya zuba ja, ya ce bwat ɗin ta jigata amma da sauranta. Iliyasu bai ba shi haƙuri ba. Tambayarshi ya yi ina ya samo katakon. Asiya kuwa ba daga bakina ta ji ba. Tana share motar ta ga abin, ta tsaya ta dube shi, ta ci gaba da shara.

Wata tara ke nan. Duk ranar kasuwa Iliyasu na hanya, mota na shiga giya sumul. Shekaranjiya ya zo majalisa da farin ƙyalle, ya zaro ƙarfen auna mai ya goga a kai, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya shina nuna mana jan. Laminu, da ya dawo zama da mu, shi ke zuba shayi.

Iliyasu ya ce, "Kun gani? Tun da na tsare shi ya daina."

Laminu ya miƙa mashi kofi ya ce, "Na tuba, Iliya. Gobe Urafan ko Mayahi?"

"Mi ya sa kake son ka sani?"