Littattafan Malam a Cikin Bango

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye ƙauyenmu na wajen Maradun, Baba ya kwaso mu zuwa wani gida kusa da Talata Mafara, dab da hanyar ruwan da aka gina don noman rani. Ina da shekara tara. Gona ta tafi, rumbu ya tafi, har kabarin kakanmu Malam yana ƙarƙashin ruwa. Abin da Baba ya ɗauko a kansa, bai yarda kowa ya kama masa ba, shi ne littattafan da Malam ya rubuta da hannunsa, cikin gafaka uku.

Muna sauka ya kira kafinta ya fafe bangon ɗakinsa, aka dasa kabad na katako a ciki, manne da ƙasar bangon. Ya sa aka liƙe kowace kafa da siminti, ya jera littattafan, ya buga kwaɗo. A ƙauyenmu haka ake yi, don can gara da ɓera su ne abin tsoro. Baba bai san ya zo inda bango ke shan ruwa daga ƙasa ba.

Kakarmu, Inna Ige, ta sani, don ita 'yar fadamar Bakura ce, cikin laima ta tashi. Amma Baba ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta tsaya gabansa ta ce ya yi kuskure. Mahaifiyarmu kuwa ba ta isa ta sa baki a zancen littattafan Malam ba.

Da damina ta kankama, in an gama cin tuwo, Inna kan hura wuta a bakin ɗakinta ta zuba ɗanyen ganyen dogon yaro, don sauro ya yi mana kaka-gida tun zuwan ruwan nan. Mu zagaye ta idanu na hawayen hayaƙi. Baba kuma yana bayan zana kan buzunsa, yana jan carbi.

"Ga ta nan, ku riƙa ta kar ta hwaɗi," in ji Inna. Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wani mutum ne daga tudu ya koma zama bakin gulbi. Yana da rigar ubansa, ita kaɗai ya gada. Sai ya je wurin Bango ya roƙe shi masauki, ya kawo Katako ya zaunar a cikinsa, ya ba shi amanar rigar, ya rufe. Ashe Bango mashayin ruwa ne, yana sha ta ƙafa yana zuba wa baƙonsa gumi. Katako ya fara kumbura. Kullum sai ya yi kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ, yana roƙon a buɗe shi ya sha iska. Mutumin in ya ji, sai ya ce ɓarayi ne ke taɓa masa kaya, ya ƙara ƙusa. Ranar da ya buɗe don ya sa rigar, yana ɗaga ta ta zube a hannunsa.

Ƙanena Sani ya ce, "Inna, to mi ya kamata shi yi?"

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, fuskarta wajen zana. "Shi buɗe murhin katakon duk randa rana ta hito. Shi janye katakon daga jikin bango, ko yatsa biyu ne. A huhhuda murhin, a aje gawayi cikin kasko shi tsotse laima, a shahe iccen da man kaɗe. Inda ya kumbura a kankare. Abin ga ba wuya gare shi ba, in mutum na ji." Sai ta dube ni. "Hajo, kin jiya?"

Na ce awo. A raina kuwa cewa nake wannan wace irin tatsuniya ce, ba kura, ba waƙa. Sau uku ta maimaita ta a daminar nan, har muka fara guna-guni, ni ce ma kan gaba. Ko Baba ya ji, ko hankalinsa na can gonarsa da ke ƙarƙashin ruwa, Allah ne masani.

Bayan girbi wani tsohon ɗalibin Malam ya zo neman aron littafi ɗaya. Kwaɗo ya buɗe, murfi ya ƙi, sai da aka sa bakin gatari. Warin ne ya fara fitowa. Katakon baya ya yi baƙi, gafakun sun yi fari fat da fumfuna. Tawadar Malam irin ta gida ce, ba ta jure ruwa. Takardun sun haɗe kamar curin ƙullu. Baba ya wuni a tsakar gida yana ɓamɓarar su ɗaya-ɗaya, bai sami layi guda da zai karantu ba. Da la'asar ya naɗe su cikin farin ƙyalle ya binne bayan ɗaki. Daga ranar Inna ba ta sake yi mana tatsuniya ba, wutar ma mahaifiyarmu ce ke hurawa.

Na daɗe ina ɗauka darasin na katako ne. Sai da na yi aure, Inna tana ciwon ajali ina matsa mata ƙafa, ta ce ba ta ko dube ni ba, "Daminan nan ke nika jira ki kai ma ubanki saƙon, Hajo. Ke ab babba. Ni bakina ɗaure shike."

Na yi kuka, kuma na ji haushinta, har yau ina ji. Ta ɗora wa yarinya 'yar shekara tara saƙon da ita ta kasa tsallake zana ɗaya ta isar. Amma na fi jin haushin kaina, don da na tashi na yi taku biyar na ce, Baba, Inna ta ce ka buɗe kabad, da ya buɗe. Mutum ne mai jin maganar uwarsa, bai dai taɓa samun ta ba.

Ɗana na fari sunansa Kabiru. Dangi suna zunɗe na, suna cewa ba ni da kunya, amma da sunansa nake kiran sa, kuma in ya yi kuskure gabansa nake tsayawa in faɗa masa.