Kawu da Mastar Birkin Motata

Warin man birki ya tuna min da kawuna makanike, wanda ya rasu bara a Birnin Kebbi. Shi kaɗai ke gyara mastar birkin tsohuwar motar sojan da nake ɗauko albasa da ita daga Argungu. Mastar ce ke tura mai zuwa birkin tayoyi.

A gyaran ƙarshe, ƙarfinsa ya ƙare, sabuwar robar da ke hana mastar ɗiga sai zame masa take. Na ce, "Kawu, huta, zan lallaɓa da ita haka."

Ya ce, "Ba ka hita da ita tana ɗiga. Ɗiyan mutane na bisa hanya."

Da ya gama, sai da na ɗaga shi.

Yanzu motar tana ajiye, na gaji da neman mai gyara. Allah Ya hutar da shi a Aljanna.