Baba Rufa'i Mai Gyaran Wuƙar Masuntan Tiga

Idan aka idar da sallar asuba a Tiga, masunta su nufi bakin ruwa, Baba Rufa'i kuwa ya nufi gindin ceɗiyar da ke kan hanyar kasuwar kifi. Ya shimfiɗa buhu, ya jera duwatsun washi uku, mai kaushi da matsakaici da mai santsi, ya ajiye kwalbar man keken ɗinki da 'yan sukundirebobinsa cikin gwangwanin madara. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan zama. Sana'arsa gyaran wuƙa mai naɗewa, irin wadda ake rufewa a jefa a aljihu.

In ka miƙa masa wuƙa, ba kaifi yake fara dubawa ba. Sai ya kai ta kusa da kunne, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Daga ƙarar sakata, wato ɗan ƙarfen nan da ke tokare ruwan wuƙa kada ya rufe, yake gane ko ta ci ko da sauranta. Sannan ya goga bakin a dutse sau biyu ya gaya maka irin ƙarfen. Yakan ce ƙarfe kamar mutum ne, kowanne da halinsa. Baƙin ƙarfe irin na sifirin mota yana ɗaukar kaifi nan da nan, amma in ya kwana da jinin kifi sai tsatsa. Farin ƙarfe na arha ba ya tsatsa, ba ya kuma riƙe kaifi. Ka wasa da safe, kafin azahar ya dakushe. Akwai kuma masu taurin nan na manyan wuƙaƙe da suke wata uku ba su nemi dutse ba, sai dai in sun haɗu da ƙashi su ɓantare.

Ba haka kawai ya zama mai tsantseni ba. A farkon zamansa wani makiyayi daga wajen Doguwa, Habu, ya kawo wuƙa a wasa masa, yana sauri motar kasuwa za ta tashi. Rufa'i ya ji sakatar tana wasa, ya ce a ransa za ta kai wani zuwan, ya miƙa masa. Bayan sati biyu labari ya iso cewa wuƙar ta rufe a hannun Habu yana yankan igiyar ɗan maraƙi, ta tafi da kan yatsarsa manuniya. Ba wanda ya ɗora wa Rufa'i laifi, domin ba wanda ya san ya ji wasan nan. Shi da kansa ya hau mota, ya ƙarasa da ƙafa har rugar, ya durƙusa gaban Habu da mahaifinsa ya faɗi abin da ya sani. Tsohon ya ce ƙaddara ta riga fata, amma tunda ya zo da ƙafarsa, sun yafe. Tun daga ranar ba wuƙar da take barin gindin ceɗiyar nan sai ya buga bayanta a kan itace sau uku ya ga ba ta rufe ba. Ko gwamna ne ke jira, sai ya jira.

Abin da mutanen kasuwa suka fi tunawa shi ne ranar da Injiniya Mujitaba, ma'aikacin ruwa, ya dawo daga kwas a ƙasar waje da wuƙaƙe biyu masu tsada. Ɗaya zai riƙe, ɗaya zai ba Mu'azu, masuncin da ya shekara goma yana tuƙa shi a kwalekwale in za su auna ruwa. Ta farko abar kallo ce. Tana da boris a gaɓarta, ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ka taɓa ta da yatsa sai ta buɗe fat, ƙarfenta kuma irin mai taurin nan ne. Ta biyu ba ta da wani ado. Rami ne a ruwanta inda babban yatsa yake turawa, 'yan faifan tagulla ne a gaɓarta maimakon boris, tana buɗewa a hankali. Ran Mu'azu ya riga ya kwanta a kan ta farko, Injiniya ma ita ya yi niyyar ba shi, ya kawo ne kawai Baba ya sa albarka.

Baba Rufa'i bai yi gardama ba. Ya nemi izinin Injiniya, ya aika aka ɗebo jiƙaƙƙen yashi daga bakin ruwa a kwano, aka zuba masa majinar kifi, ya cusa wuƙaƙen biyu a ciki. Injiniya ya ɓata fuska amma ya daure. Da aka ciro su aka ɗauraye sama-sama, mai boris ta buɗe rabi ta cije, yashi na ƙara a cikinta. Mai tagulla ta buɗe da yatsa ɗaya, sakata ta kama. Baba ya ce ƙarfen ta farko dutsen da ke Tiga ba ya cinsa, ran da ta dakushe sai an kai ta Kano. Na ta biyu ya fi laushi, amma ruwa ba ya taɓa shi, ko a bakin kwalekwale ka wasa abinka.

"Injiniya, wannan taka ce, ta aljihun mai ofis," in ji shi. "Mu'azu kuwa hannunsa ɗaya ne yake da shi a kan ruwa, ɗayan kullum yana riƙe da wani abu."

Mu'azu ya karɓi mai tagulla ba da son ransa ba. Ya yi wata biyu yana gaida Baba daga nesa, yana gaya wa abokansa tsoho ya yi masa baƙin ciki. Maganar ta dawo kunnen Baba, ta kuma yi masa ciwo, amma bai aika a ba shi haƙuri ba.

Damina ta biyu bayan haka, da hantsi, ragar Mu'azu ta maƙale a wani kututture da ke ƙarƙashin ruwa. Ya sunkuya yana ja, iska ta juya kwalekwalen, ya faɗa, igiyar raga ta naɗe masa hannun hagu tana jansa ƙasa. Masunta biyu da ke nesa sun gani, amma kafin su iso an daɗe. Da hannun dama ya laluba aljihu cikin ruwa, ya tura babban yatsa a ramin, wuƙa ta buɗe, ya yanke igiya. Washegari ya zo gindin ceɗiya da hannu a ɗaure, ya durƙusa ya miƙa wa Baba wuƙar. Baba ya karɓi wuƙar, ya kwance ta, ya wanke, ya ɗiga mai, ya ce masa ya daina barin ta a jiƙe.

Bana yanar ido ta sa Baba Rufa'i ya naɗe buhunsa, 'ya'yansa sun ce zaman ya isa haka. Baba, kai ne ka taka har ruga ka faɗi laifin da ba wanda ya gani. Kai ne ka yarda a yi fushi da kai don mai fushin ya rayu. Dutsen washi, kana ƙarewa wasu na kaifi. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Baba ya ce zaurensa a buɗe yake ga duk mai son koyo, kuma ya kamata wani ya je tun yana da ƙarfin nunawa. Mu sauran, makanike ne ko tela ko mai ba da magani, mu koyi faɗa wa mutum abin da zai amfane shi ko da ba shi yake son ji ba. Watan jiya Mu'azu ya aurar da 'yarsa Muhsina. Ba a nemo wani ya tsaya a madadinsa ba, domin ruwa bai ci shi ba; uban amarya yana zaune a sahun gaba, Baba Rufa'i a gefensa.