Kilishinmu Ba Na Duwala Ba Ne

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da yayana. Shi ya tafi kudu tun ina aji uku a lise, wato sakandare, ya sami aiki a wani kamfanin dakon kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya yi aure can, ya zauna. Ni na tsaya a Garwa na karɓi wuƙar Baba lokacin da idonsa ya fara rauni. Fawa muka gada tun daga kakanmu, amma abin da aka san mu da shi a unguwa shi ne kilishi.

A watan Afrilu na wata shekara yayana ya zo gida da baƙo. Wanda ya san Garwa ya san Afrilu: kwalta takan yi laushi, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Mutane na kuka da watan, mu kuwa shi ne kakarmu, domin naman da aka shanya da hantsi kafin la'asar ya bushe ƙayau. Baƙon ɗan kudu ne, kakkaura, mai fara'a, da ɗan tawul a wuya wanda bai daina matsewa ba har ya tafi. Yayana ya ce yana da ƙaramin kamfani da ke ƙulla soye-soye a leda yana kai wa manyan kantuna na Duwala da Yawunde, kuma kilishi yake nema.

Ba zan ce mu ma bakinmu a wanke yake ba. Tun muna yara duk wanda ya fito daga kudu gadamayo muke ce masa, da Fulatanci wato na ƙetaren kogi, kuma ba da yabo muke faɗa ba. Su kuma wajo suke kiranmu. Amma mutumin ya cire takalmi a ƙofar zaure ba tare da an ce masa ba, ya gaida Baba da hannu biyu. Ya ci kilishi har gumi ya haɗe masa da hawaye, ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Na ji daɗinsa.

Wanda ya fara ɓata mini rai yayana ne. Tun daga tasha yake ba baƙon haƙuri: haƙurin zafi, haƙurin hanya, haƙurin ɗaukewar wuta. In zai yi maganar garin da aka yanke masa cibiya sai ya ce "su a nan". Da na fara magana sai ya shiga juya wa baƙon da Faransanci, kamar ba makaranta ɗaya muka yi ba. Na bar shi ya gama, sannan na maimaita abin da na faɗa da Faransancina.

Bayan azahar muka zauna maganar ciniki. Tayin mai kyau ne, ba zan ɓoye ba. Duk abin da muka iya yi a mako zai ɗauka, rani da damina. Sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton ledar da za a zuba kilishin. An zana bishiyar kwakwa da gada a kan ruwa, an sa wani suna na Faransanci, a ƙasa kuma an rubuta cewa a Duwala aka sarrafa shi. Na duba sama na duba ƙasa, na tambaye shi ina Garwa.

Ya yi ɗan murmushi ya ce kada in ɗauka da zafi, kasuwa ce. Matan da ke shiga manyan kantuna, in ji shi, da sun ga sunan arewa abin da zai faɗo musu shi ne ƙuda da wajo mai tire a bakin titi. Ya faɗi kalmar a hankali, kamar wanda ya ara daga bakin wani.

Na ce masa ya taso. Na kai shi bayan gida inda muke shanya. Na nuna masa gadajen kara da ragar da muke rufawa, na nuna masa labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da ake tsoma naman a ciki kafin a sake shanyawa. Na gaya masa gyaɗar daga kasuwar Pitowa nake saye ran Lahadi, san da za a yanka kuma da kaina nake zaɓa, in tsaya a kansa har a feɗe. Sannan na tambaye shi ko ya taɓa gwada shanya nama a Duwala. Ya yi dariya ya ce ya gwada, kwana biyu naman ya yi funfuna.

"To Yallaɓai, me Duwala ta yi wa naman nan da za ta sa sunanta?" na ce.

Ya ce ita ce za ta saya.

Da muka koma zaure Baba yana kishingiɗe a kan buzunsa. Ba ya jin Faransanci, sai ya tambaya me ake ciki. Yayana ya ce ba komai, ƙaramar magana ce ta zanen leda. Ni kuwa na gaya masa yadda take, har da ƙudan, har da wajon. Baba ya ce teburin fawa a hannuna yake yanzu, abin da na yanke shi ke nan. Sai ya juya wajen da yake jin numfashin yayana.

"Kai kuma, can in an tambaye ka sana'ar ubanka, me kake cewa?"

Yayana ya ce yakan ce dillalin shanu ne.

"Ban taɓa dillanci ba," in ji Baba. Ya nemi a miƙo masa butarsa.

Na gaya wa baƙon sharaɗina: ya zana abin da ya ga dama, ya sa sunan da ya so, amma a rubuta Garwa inda ido zai gani. Ya ce zai yi tunani. Daga yadda ya mayar da wayar aljihu na san ya gama tunanin.

Washegari da safe, baƙon yana masauki, yayana ya same ni ina yanyana nama. Ya ce na kunyata shi, kuma na zubar da arzikin gida saboda kalma ɗaya. Na ce kalmar ba tawa ba ce da zan sayar. Nan ya fashe. Ya ce ni da ke zaune a inuwar gida ban san abin da ya haɗiya ba. Ya ba ni labarin yadda ake sauke shi daga mota a shingen bincike saboda doguwar rigarsa, musamman tun da rikici ya tashi wajen Kolofata a nan arewa, da yadda abokan aiki ke kukan tunkiya in ya shigo ofis, wai wasa suke yi. Ya ce ya koyi yin shiru ne don 'ya'yansa su ci abinci, kuma shirun ne ya biya kuɗin aikin idon Baba na farko.

Ban san wannan duka ba, kuma ya taɓa ni. Na ajiye wuƙar. Na ce masa: "Yaya, na ji, kuma ban raina abin da ka yi ba. Amma kai can kake shirun, a garinsu. Ni kana so in yi shi a nan, a bayan gidanmu." Da yamma shi da baƙon suka hau motar Ngaundere don su kama jirgin ƙasa.

Fiye da shekara yayana bai kira ni ba. Yakan kira wayar Inna ya gaisa da Baba, in an miƙo mini sai layi ya yanke. A cikin wannan lokacin na je wurin wani mai buga takardu kusa da babbar kasuwa, na sa ya buga mini takardar mannawa, fara, ba zane, sai Garwa da manyan baƙaƙe da lambar wayata. Na fara ba direbobin motocin kudu saƙo. Masu sayen farko 'yan uwanmu ne na unguwar Hausawa ta Yawunde. Sai wata malamar makaranta 'yar kudu, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a nan kafin a mayar da ita gida, ta ga ledar a hannun wani ta kira ni, tana gaishe ni da guntun Fulatancinta. Ta hanyarta na sami wasu. Ban yi arziki ba. Akwai daminar da na zauna na lissafa wa kaina abin da na bari, na ji ba daɗi, amma ban taɓa neman lambar mutumin ba.

Mutumin ya sami wani mai yi masa kilishin. Wata rana na ga ledar mai kwakwa a wani kanti a nan cikin Garwa, ta je kudu ta dawo da tsada. Na saya na ɗanɗana. Aikin hannun mutanen Marwa ne, na gane daga yankan, kuma mai kyau ne, sai dai an ƙara sukari.

Rashin lafiyar Baba ce ta dawo da yayana. Mun yi mako biyu muna karɓa-karɓa a bakin gadonsa a asibiti, ba wanda ya ta da tsohuwar magana. Da Baba ya sami sauƙi muka dawo da shi gida. Ran da yayana zai koma ya shigo bayan gida ya naɗe hannun riga ya taya ni juya nama a kan garwashi, ya ƙona yatsa, ya ce hannunsa ya manta. Ya ce ya kamata in zo Duwala ko sau ɗaya, in ga yaransa, in ga teku. Na ce sai bayan Babbar Sallah, in aiki ya lafa, kuma da babbar rigata zan zo. Ya ce in taho da katin shaidata a aljihun gaba.