Dawar Kamalu

Malam Umaru akawu ne a wata ma'aikata cikin Katsina, amma gidansa na bayan garin Batsari, ta hanyar Yasore, a tsakiyar gonar da ya gada. Da an sallame sallar asuba yakan hau babur zuwa tasha, ya bar shi wurin mai shayi, ya shiga mota. Abokan aikinsa kan tare shi da tsiya: "Manomi, yau ma an sako ka?" Sai ya yi murmushi, ya ajiye musu ƙullin zogale a tebur.

A da, lokacin dawowarsa ba ruwan kowa. Tun da ɓarayin daji suka fara tare hanya, ya zama tilas ya iso kafin rana ta yi ja. Matarsa Ma'u takan tsaya bakin ƙofa tana hangen titi, ba ta ɗora tukunyar tuwo sai ta ga babur ya karyo kwana.

Bana da damina ta faɗi, mutanen unguwar suka yi shawara: kada a shuka abin da zai fi mutum tsayi kusa da hanya. Gyaɗa da wake, to. Dawa da gero a kai su nesa, don cikin dogon kara ake laɓewa. Sai dai kafin shawarar, Kamalu, ɗan farin Malam Umaru, ya riga ya shuka. Ya dawo daga kwalejin aikin gona da wani irin dawa, kaura, da ya daɗe yana zaɓe zangarniya-zangarniya, ya zuba shi tun daga bakin titi har jikin katanga. Kafin a yi noman maimai, zazzaɓi ya kwantar da shi. A asibitin Katsina ya cika.

Ba wanda ya iya yi wa uban maganar shukar a lokacin. Dawa kuwa ta yi ta tashi, har ta shanye gidan.

Ranar wata Juma'a maƙwabcinsa Manu, mai shanu, ya tsugunna gefen tabarmarsa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi garke, aka sake yin ta'aziyya. Sannan Manu ya ce, "Malam, ba don komai ba. Karan nan ya rufe mu duka."

"Saura kaɗan ta nuna, Manu."

"Na sani. Su ma mutanen daji sun sani."

Malam Umaru ya juya ya dubi gonar. Yakan ratsa gonar da safe, ya ga wurin da yaron ya tsallake rami, da wurin da layinsa ya karkace don gaggawa. Idan an sare yanzu, ko iri ba za a samu ba. Ma'u ba ta taɓa cewa a sare ba. Ita da ba ta kiran sunan ɗan fari yana raye, balle yanzu. "Shukar yaron nan" kawai take cewa, ta sunkuyar da kai.

Wata Talata motar su Malam Umaru ta mutu a hanya. Wayarsa ba sabis. Ya iso ana shirin kiran magariba, ya kutsa babur ta siririyar hanyar da ke tsakanin karare. Da ya fito fili sai ya ga Ma'u tsaye bisa turmin da ta kifa a ƙofar gida, ta yi ɗage, tana ƙoƙarin leƙen titi ta saman dawa. Ta kasa saukowa.

"Tun la'asar nake jin motsi cikin kara," ta ce. "Ban san ko kai ne ba, ko su ne, ko saniyar Manu. Malam, ba na ganin hanya."

Ya riƙe hannunta ta sauko. A gefen turmin ƙasa ta lotsa, ta yi santsi. Ba yau ta fara hawa ba.

Washegari bai je aiki ba. Ya wasa adda ya fara daga bakin titi. Karan ɗanye ne, ruwansa na fantsamar masa a fuska. Can sai ga Manu da tasa addar. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya kama ɗaya gefen. Da suka kai bayan gida, inda katanga ta kare, Manu ya miƙe ya share gumi.

"Wannan layin ba ya kallon hanya. Bar shi ya nuna, ka sami iri."

Aka bar shi.

Ranar Alhamis, tun daga kwana Malam Umaru ya hango jan mayafin Ma'u a bakin ƙofa, ƙafafunta a ƙasa. Ya ɗaga mata hannu, ta juya ta shiga ɗora tukunya. Ya rage gudu yana duban gidan: ƙofa, rumbu, turken awaki, duk ga su a sarari. Yanzu kowa ya biyo titin zai gan su yadda shi ya gan su. Ya waiwaya baya, hanya ba kowa. Ya tura babur ciki, ya sa sakata tun da sauran haske.