Robar da Na Ɗaura wa Zarton Lantarki

A lokacin da abin nan ya faru ni kafinta ne a Sabon Birni, ina da 'yar rumfata kusa da kasuwa, ina haɗa ƙofofi da bencina da gadaje. Hannuna ya faɗa a aiki, wannan ba mai musu, amma ina da gaggawa, kuma na ƙi jinin a gwada mini abu. In ka ce mini ga yadda ake yi, to ka tsokano ni ke nan. Wannan halin ne ya ci yatsu uku a hannun daman yayana. Na rubuto muku ne don na gaji da jin mutane suna cewa tsautsayi ne.

Wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan gwanjo daga Maraɗi ne ya kawo mini zarton lantarki, irin mai sarƙa da ke zagaya dogon ƙarfe. Har da ɗan littafinsa, amma da Faransanci aka rubuta, na kalli hotunan sama-sama na cusa shi ƙarƙashin benci. Wuta ba ta zama a garinmu, don haka da ƙaramin janareto nake jona shi. Nan da nan na yi suna. Duk wanda iska ta kayar masa da itace ni yake aiko wa, don abin da mai gatari zai wuni a kai, ni kafin shayi ya huce na gama. Kaina kuwa ya kumbura.

Abu ɗaya ke ba ni haushi a injin. Ba ya tashi sai ka danne wani ɗan maɓalli da babban yatsa sannan ka matsa makunnin, kuma da ka saki ya mutu. Hannu yana gajiya. Sai na yanko robar tayar babur na ɗaure su duka biyun tamau, ya zama da wuta ta shiga sarƙa ta fara gudu, ba sai an taɓa komi ba. Har alfahari nake yi wai na fi Bature dabara. Yayana, manomin gero da dawa ne a Unguwar Lalle, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya ga robar wata ranar kasuwa. Ya juya injin a hannunsa, ya ce waɗanda suka ƙera shi ba su sa maɓalli biyu don wauta ba, in kwance abin nan. Na yi dariya a gaban mutane, na ce wanda bai san komi ba sai hauya ina shi ina maganar inji. Ya ajiye injin ya yi mini sallama.

Da farkon damina guguwa ta kayar da tsohuwar darbejiyar ƙofar gidansa, ta danne danga har reshenta ya kwanta kan rumbu. Na je da hantsi, muka sauke janareton daga amalanke muka ajiye bayan danga, na ja doguwar waya zuwa wurin itacen. Na ci rabin aiki sai fetur ya ƙare, injin ya tsaya da ɗanyen ɓawo cushe a haƙoran sarƙa. Na ajiye shi a ƙasa na zagaya in zuba mai. Ban zare filogi ba. Ban ce wa kowa kada ya taɓa ba. Shi kuwa Yaya mutum ne da ba ya iya zama ana yi masa aiki yana kallo, sai ya tsuguna ya sa yatsu yana ciro ɓawon don ya rage mini wahala. Daga inda nake danga ta tare ni, ba na ganinsa. Na ja igiyar janareto.

Bai yi ihu ba. Salati na ji, da wata irin murya da ban san yana da ita ba. Na kashe janareton na rugo, na tarar da shi zaune ya rungume hannun a ƙirji, rigarsa ta jiƙe da jini. Na naɗe hannun da rawaninsa, na ɗauke shi a babur zuwa asibiti, wani maƙwabci ya riƙe shi ta baya. Ina gudu kamar mahaukaci, shi ne ma ke ce mini in sassauta kada mu zube gaba ɗaya. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma babban yatsa da ɗan ƙaramin kawai suka tsira.

Abin da ya fi cin raina ya biyo baya. Masu jaje suka yi ta zuwa daga Kurawa har Isa, kowa ya tambaya sai Yaya ya ce shi ne da karambaninsa ya sa hannu inda ba a aike shi ba. Ina zaune ina ji, na bar shi ya ɗauki laifina. Sai bayan an cire zare na iya durƙusawa gabansa na ce ya yafe mini, za ni faɗa wa kowa gaskiya. Ya ce tun muna bisa babur ya yafe, ba shi son a ɓata mini suna a sana'a. Kuka na yi irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Daminar nan ni na nome masa gona, don hauya ba ta zama a hannun.

Na yarda da ƙaddara, amma ni na yanko robar nan da hannuna, kuma an gargaɗe ni na yi izgili. Masu aiki da irin wannan inji, don Allah ku bar shi yadda aka ƙera shi. Gajiyar yatsa ba ta kai rashinsa ba. Ko wuta ce ta ɗauke ko mai ne ya ƙare, injin da ke jone bai mutu ba, ku zare filogi kafin ku juya baya, kada kuma ku tada janareto ba ku ga hannun kowa ba. Har gobe in na je gida kusa da Yaya nake tsayawa a sahu. In aka zauna tahiya, kowa ya ɗaga manuniya, sai in ga hannunsa kwance bisa gwiwa ba abin da zai ɗaga.